BANGON LITTAFI DA ALJIHUN TALAKA: Waiwaye Kan Dabarun Buga Kwafi Kaɗan a Ƙasar Kano

Akwai wani lissafi da masu maɗaba'a suka sani tun ran gini tun ran zane, amma marubuci ba ya saninsa sai ranar da ya tsaya a gabansu da rubutunsa a hammata. Lissafin kuwa shi ne, idan kwafi kaɗan mutum yake bukata, a ce 50 ko 100, to bangon da zai rufe aikin yana iya cin kuɗin da ya kai na cikin littafin gaba ɗaya, wani lokaci ma ya zarce. Dalili shi ne, mafi yawan kuɗin bango ba a takarda yake tafiya ba, a wajen shiri yake tafiya, wato ladan mai zane da haɗa farantin ɗab'i da wanke inji tsakanin wannan launi da wancan. Mu ɗauka, don misali kawai, kuɗin wannan shiri naira 10,000 ne. Wanda zai buga kwafi 5,000 naira biyu-biyu ta hau kan kowane littafinsa. Wanda zai buga 50 kuwa, naira 200 ke nan a kan kowane ɗaya, tun ba a sayi kwali ko fallen ɗaya ba.

Wannan matsala ta fi shafar mu mutanen karkara, musamman a nan arewacin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Bagwai da Tsanyawa da Kunci da Makoɗa da Dambatta. Ƙasa ce mai cika, gari na hangen gari, gona na bin gona, kuma kusan kowane gari yana da makarantar boko da Islamiyya da ƙungiyar ci gaban gari. Dukkansu kuwa kwafi kaɗan suke bukata: mujallar makaranta, tsarin bikin saukar Alƙur'ani, jawabin maraba da babban baƙo, rahoton kuɗi na shekara, ɗan diwanin waƙoƙin wani malami, ko kuma koken da za a miƙa wa hukuma kan hanya ko rijiyar burtsatse. Duk wanda ya taɓa bin irin wannan koke ya san cewa takarda tsirara kan ɓace a kan tebur cikin 'yan'uwanta, amma mai bango akan ɗaga ta a duba. Abin da wannan maƙala za ta bibiya shi ne yadda mutanen ƙasar nan suka yi ta zagaye wancan lissafi, zamani bayan zamani.

Zamanin Tadarishi

Kafin Turawa su ci Kano a 1903, kai har da shekaru masu yawa bayan nan, littafi a ƙasar Hausa kwafi ɗaya-ɗaya ake samar da shi, a hannun mai kwafa. Takardar daga waje take zuwa ta hanyar Sahara, kuma wadda ta fi shahara ita ce mai alamar wata uku a jikinta, wadda ake yi a arewacin Italiya. Ba a ɗinke warƙoƙin littafi. Akan tara su ne a bar su a warware, domin malami ya iya zare 'yan warƙoƙi ya ba almajiri ya je ya kwafa, sannan akan rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan wanda ya gabace shi don kada jerin ya rikice. Abin da ke riƙe da su shi ne tadarishi, wato maɗaukin fata mai ɗan tauri da ake naɗe littafin a ciki a ɗaure da igiyar fata, daga nan kuma a zura shi a gafaka a rataya. Aikin dukawa ne, da fatar akuya da majema suka jeme aka rina ta da karan dafi.

Abin lura a nan shi ne bango da littafi ba a haɗe suke ba. Tadarishi ɗaya yana iya yi wa littafi uku hidima a tsawon rayuwarsa, ya gaji wannan ya koma wa wancan. Ado kuma yana cikin shafin farko, inda mai kwafa kan yi zayyana da tawadar zige da jangargari da ɗan rawaya, ya haɗa su da ƙaro don su kama takarda. Wannan zayyana ita ce za mu sake cin karo da ita nan gaba, ta fito daga cikin littafi ta hau bayansa.

Zariya da Kurmi

Ɗab'in littattafan Hausa na boko ya kankama ne da Hukumar Fassara ta 1929, wadda ta koma Hukumar Talifi a 1933 ƙarƙashin Rupert East, aka yi gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da sauransu. Daga nan sai Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur ta Zariya a 1945, sai NORLA daga 1953 zuwa 1959, sai kamfanin NNPC a 1966. Waɗannan duk manyan gidaje ne, dubbai suke bugawa, makarantu da azuzuwan Yaƙi da Jahilci na jiran kayansu. Lissafin da muka fara da shi bai dame su ba, don haka ba za mu daɗe a kansu ba. Malamin ƙauye mai son kwafi 60 ba shi da ƙofar shiga can.

Inda darasin yake shi ne Kasuwar Kurmi. Tun daga shekarun 1950 masu sayar da littattafan addini a Kano suka gano wata hanyar ɗab'i da ta dace da su, wadda ake kira ofset. Asalinta daga wani Bajamushe ne, Alois Senefelder, wanda a 1796 ya lura cewa tunda ruwa da maiƙo ba sa haɗuwa, ana iya yin rubutu da abu mai maiƙo a kan dutse, a jiƙa dutsen, a shafa tawada, sai ta kama wurin rubutun kaɗai. Daga baya aka maye dutse da farantin ƙarfe mara kauri, ana ɗaukar hoton shafi a ƙona shi a jikin farantin, farantin ya zuba wa wani gammon roba, robar kuma ta zuba wa takarda. Amfanin wannan ga mutanen Kano a fili yake. Duk abin da za a iya ɗauka a hoto za a iya buga shi. Ba sai an nemo baƙaƙen dalma daga Misira ba, waɗanda almajirin da ya tashi da rubutun allo ba ya jin daɗin karanta su. Sai a ba gwanin rubutu, irin su Sharu Bala Gabari wanda hannunsa ya yi suna a rubutun Alƙur'ani, ya rubuta da alƙalaminsa, a kai wa maɗaba'u irin su Adebola da Oluseyi da Northern Maktabat su buga.

To, ga inda dabarar bango ta shigo. Ƙananan littattafan nan da kowa ya sani, su Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi da waƙoƙin wa'azi na ajami, bangonsu tawada ɗaya ce tak, baƙa ko shuɗiya, amma ba wanda zai ce ba su da launi. Launin yana jikin kwalin ne tun daga kanti: kore, ruwan hoda, ruwan ƙwai, shuɗi mai haske. Mai rubutun da ya rubuta cikin littafi shi zai zana da'ira ko murabba'i na zayyana ya zuba sunan littafi da na mawallafi a tsakiya, ba a biya wani mai zane daban ba. Faranti ɗaya, shiga inji sau ɗaya, an gama. Idan kwalin kore ya ƙare a kasuwa aka sake bugu da ruwan hoda, ba abin da ya ragu. Irinsu ne masu talla ke shimfiɗawa a kan tabarma ranar Lahadi a kasuwar Dambatta da sauran kasuwannin ƙauye, tsakanin mai turare da mai carbi, kuma daga nesa ido ke fara kai wa gare su. A ganina har yau ba a ƙirƙiro hanyar da ta fi wannan arha da mutunci a lokaci guda ba.

Injin Gurza

Sai dai ko ofset ɗin ma sai an kai ɗaruruwa kafin ya biya. Mai bukatar kwafi 40 wani injin ne ya cece shi, wanda David Gestetner ya fito da shi a Landan a 1881, mu kuma muka san shi da injin gurza takarda. Bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976, da buɗe makarantun sakandare da dama a karkara, ciki har da ta kimiyya a Dawakin Tofa a 1977, da wuya ka shiga ofishin shugaban makaranta ba ka ga wannan inji a kusurwa ba, an rufe shi da tsumma saboda ƙura. Mu da muka yi karatu a shekarun 1990 da shi aka gurza mana tambayoyin jarrabawa, kuma ƙamshin tawadarsa bai bar hancinmu ba.

Ga waɗanda ba su riske shi ba, ga yadda yake aiki. Akwai wata takarda mai kakin zuma a jiki da ake kira sitansil. Akawu zai cire ƙyallen tawada na tafireta, ya buga rubutu kai tsaye, kowane harafi ya huda kakin. Idan ya yi kuskure sai ya shafa wani ruwa mai warin jan farce ya toshe hudar, ya jira ya bushe, ya sake bugawa. Daga nan a ɗaura sitansil a jikin gangar inji, a matsa tawada, a yi ta juya hannu, tawada na bi ta hudojin tana sauka a kan takarda. Ba ya bukatar wutar lantarki ko kaɗan, wanda shi ne babban abin da ya sa ya zauna daram a ƙauyukanmu.

Cikin mujalla ke nan. Bango kuwa, nan malaman zane da ɗalibai masu hannu suka nuna bajinta. Tafireta ba ta da manyan haruffa, don haka da hannu ake zana sunan makaranta a kan sitansil, a ɗora shi a kan gilashin taga ko wani abu mai tauri, a bi shi a hankali da biro wanda tawadarsa ta ƙare. In ka danna da ƙarfi ya yage, in ka sassauta tawada ba za ta fita ba. Harafi mai rufaffen ciki, kamar O ko D, sai an bar masa 'yar gada, in ba haka ba cikinsa ya zube ya bar baƙin tabo. Sannan a sayo kwalin zane mai launi, a yanka shi daidai girman shafi, a riƙa ba inji ɗaya bayan ɗaya. Da yake kwali ba ya shan tawada da wuri kamar takardar gurza, sai a baje bangwayen a kan bencina su kwana, a kulle ajin don kada iska ko awaki su yi ɓarna.

Akwai masu ƙarawa da hatimin makaranta, a buga shi da jar tawada a tsakiyar bango, nan take aiki ya zama mai launi biyu. Akwai masu zuwa wajen mai buga bajo a jikin rigunan makaranta, wanda ke amfani da ƙyallen siliki a ɗaure a katako yana jan fenti da roba, ya buga musu bango 50 da rana ɗaya, da launi mai kauri wanda injin gurza ba zai taɓa bayarwa ba. Wasu shugabannin makarantu masu hangen nesa kuma sukan je birni sau ɗaya a buga musu bango mai yawa a maɗaba'a, da suna da tambari, a bar gurbin shekara da lamba a buɗe. Kowace shekara sai a ɗebo adadin da ake so a cike gurbin da hannu ko da hatimi. Wato sun raba kuɗin shiri a kan shekaru biyar maimakon kwafi 5,000. Wannan kusan tunanin tadarishi ne ya dawo da sabuwar riga.

Haɗawa kuma da sitefula ce, ko zare da basilla, a rufe ƙeyar da ƙyalle ko tef mai launi. Wanda aka ɗinka da zare ya fi daɗewa, domin wayar sitefula tana tsatsa da damina ta ci takardar da ke kewaye da ita.

Shekarun Tsadar Takarda

A watan Satumba na 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta karya darajar naira ƙarƙashin shirin SAP. Nairar da a 1985 ta fi dala ɗaya daraja, a 1987 sai an ba da wajen huɗu kafin a sami dala, a 1993 kuma wajen 22 a farashin gwamnati. Tawada da faranti da fim da kayan gyaran inji duk daga waje suke zuwa, masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku kuma suka yi ta tangal-tangal har suka tsaya. Manyan kamfanonin ɗab'i suka janye hannu daga ƙagaggun labarai suka koma wa littattafan makaranta.

Abin mamaki, a daidai wannan lokaci ne rubutun Hausa ya yi ambaliyar da bai taɓa yi ba. Hukumar ilimin manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980 ta ƙara yawan masu karatu, musamman mata, marubuta kuma suka daina jiran kamfani suka shiga buga abinsu da kansu. Budurwar Zuciya ta Balaraba Ramat Yakubu ta fito a 1987, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991, ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya suka kafu. Wannan shi ne abin da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu da wasu suka tashi kare shi, aka yi ta muhawara a jaridu. An yi magana mai yawa kan jigon littattafan da tarbiyya da ƙa'idojin rubutu, amma ba a cika tsayawa kan bangonsu ba, alhali shi ne ya fara sayar da su.

Hoto mai cikakken launi yana bukatar faranti huɗu: shuɗi, ja, rawaya da baƙi. Injinan da suka fi yawa a ƙananan maɗaba'un Kano, irin su Kord na kamfanin Heidelberg da aka sayo na hannu daga Turai, launi ɗaya suke bugawa a shiga guda. Ke nan bango mai launi huɗu sai ya ratsa inji sau huɗu, ana wanke shi a tsakani, kuma idan kwali ya goce ko da kaurin gashi ne sai ka ga leɓen budurwar da aka zana ya sauka a haɓarta. Masu karatun wancan lokaci sun ga irin wannan da yawa. Don haka marubuci mai ƙaramin ƙarfi yakan tsaya a launi biyu, ya bar farin kwalin ya zama na uku. Labari mai tsawo kuma akan raba shi kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, domin cinikin na farko ya biya kuɗin na biyu, kuma sau da yawa zanen bango ɗaya ne ke hidimar dukkansu, lamba kawai ake canzawa ko a sauya tawada. Bayan bango da shafukan ƙarshe ba a bar su a banza ba, 'yan Raina Kama sukan sa tambarin ƙungiya da jerin littattafan 'yan'uwansu, kowane littafi ya zama tallan saura.

Masu zanen nan da hannu suke aiki, da alƙalami da burushi, kuma mutanen da suke zanawa namu ne: saurayi da hula zanna, budurwa da ɗankwali da gyale, soro da dakali. Bayan da finafinan Hausa suka bunƙasa, waɗanda suka faro da Turmin Danya a 1990, sai hotunan 'yan wasa suka fara ture zanen hannu, kwamfuta kuma ta zo ta ƙarasa shi. Ni dai ina ganin an yi asara a nan, ko da yake na san masu sayarwa za su ce hoto ya fi jan kasuwa.

Da Lissafin Ya Juye

Fotokwafi ce ta fara kashe injin gurza a shekarun 1990 da farkon 2000, a duk inda ake samun wuta ko janareta. Shagunan kwamfuta suka buɗe a bakin manyan makarantu, kamar Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi, suka kawo bangon roba mai gani-har-hanji a gaba, kwali a baya, da zoben roba a ƙeya. Rahoton ƙungiya da jawabin maraba suka koma can. Daga baya aka sami injinan da ke buga launi kai tsaye daga kwamfuta ba tare da faranti ba, waɗanda masu sana'ar ke kira DI. Da su lissafin da muka fara da shi ya juye: kuɗin shiri ya kusa ɓacewa, bango ɗaya da bango 50 kusan farashin kowanne ɗaya ne. Kwali mai girman A3 idan aka ninka shi ya ba da gaba da bayan mujalla mai girman A4, idan ƙaramin littafi ne mai girman A5 kuwa bango biyu ke fita a falle guda. Sai an haura ɗaruruwa ne ofset ke sake fin sa arha.

Wannan ci gaba ne, ba musu. Amma yana da nasa aibin. Garin tawadar DI a saman kwali yake zama, ba ya shiga jiki, shi ya sa yake tsagewa a wurin ninki idan ba a fara karya layin ba ko ba a sa masa leda ba. Sauƙin launi kuma ya kawo kasala. Yaron shago zai ɗauko hoton wani gini na Dubai ko wata makarantar Turai daga intanet ya ɗora a bangon mujallar makarantar da ke tsakiyar gonakin gero, ya cika sauran wurin da furanni da haruffa kala biyar. Kwalin kore mai tawada ɗaya, wanda ɗalibin aji biyar ya zana wa kukar bakin makaranta da hannunsa, ya fi wannan faɗin gaskiya game da wurin, kuma ko a yau fotokwafi baƙa a kan kwali mai launi ba ta kai kuɗin DI ba.

Akwai kuma wani gurbi da dukkan waɗannan zamunna suka yi tarayya wajen barinsa, tun daga littattafan Kurmi har na soyayya da mujallun makarantu, wato shekara da wurin bugu. Da yawansu ba su ɗauke da ko ɗaya, shi ya sa manazarta ke saɓani kan shekarar fitowar littattafan da marubutansu ke raye. Littattafan kasuwar Kano sun yi sa'a, Graham Furniss ya tara ɗaruruwansu a makarantar SOAS ta Landan, ana iya zuwa a duba bangonsu. Mujallun da aka gurza a makarantun Bichi da Dambatta da Tsanyawa kuwa, da rahotannin ƙungiyoyin gari waɗanda a cikinsu ne kaɗai aka rubuta wanda ya ba da filin asibiti da shekarar da aka haƙa rijiya, suna cikin kabad ɗin ofisoshi da akwatunan tsofaffin malamai, inda gara da yoyon rufi ke binsu. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya ajiye kwafi uku a can, amma wanda ya buga 40 ya raba wa iyayen yara da manyan baƙi a rana ɗaya, da wuya ukun nan su rage masa.